Akwatin Nomau

Bayan isha'i, in Tawa ta rage hayaniya,
nakan hau soro da buta da fitila.
Can na'urar take, bisa teburin da na fito da shi daga gidan waya,
batirin babbar mota a ƙarƙashinta
riƙe da ranar da faranti ya sha tun hantsi.
Eriya na sama, ɗaure da igiyar guga.

Ni ne mai tsaron ƙofa.
Ba albashi, ba hula.
Saƙonni na shigowa da kukan tsanya,
ƙirrr, su tsaya, su jeru
kamar jarkoki a bakin famfo,
kowanne da lambar mai shi a wuya.

Umarnin ba su da yawa, harafi ɗaya-ɗaya ne:
jera, karanta, aika, riƙe, kashe.
Na'ura ba ta san "don Allah" ba,
ba ta san "ai ba haka nake nufi ba".
Abin da yatsa ya ce, ya zauna.

Agali na Abalak ya aiko labarin ruwa:
an yi na minti ashirin, tafki bai ko motsa ba.
Na tura shi Yamai.
Arzika kuwa, daga Galmi, ya sake cusa farashin albasa.
Sau nawa zan gaya maka, Arzika,
iskar nan ba kasuwa ba ce?
Na riƙe. Gobe zai kira ni da rantsuwa.
Wata ɗaliba, Tsahara, sabuwar lamba,
ta buga umarni a birkice har sau bakwai,
na takwas ya shiga.
Na yi murmushi kamar ni na haife ta.

Sai akwatin Nomau.

Kwana casa'in ba a buɗe shi ba,
na'ura na tambaya: a kashe?
Ni na rubuta dokar nan da hannuna,
shekarar da rumbu ya cika har ya ƙi numfashi.
Lokacin ban yi tunanin kowa ba, sai wuri.

Nomau na Keita, mai naɗa waya a gorar ruwa
ta zama kunne mai jin Masar.
Kullum ya rufe da "a gaida iska".
Mun kai shi ranar wata Laraba,
amma iska ba ta zo jana'iza ba.
Saƙo sha huɗu ke jiran sa.
Wani daga Agadas,
wani daga bayan teku da bai taɓa ganin fuskarsa ba,
yana aikowa duk farkon wata.
Makulli na hannuna, ina iya buɗe su duka.
Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya
ban taɓa ɗaga ambulan ga hasken rana ba,
ba yau zan fara ba.
Ɗaya kawai na san cikinsa, don nawa ne:
"Ma'aunin da ka ara, riƙe shi, na samu wani."

Ɗan ɗigon haske na ƙyafta ido.
Jaki ya yi kuka wajen Wadata.
Shayin ya huce.

Na buɗe dokar,
na goge casa'in, na sa ɗari da ashirin.
Na san ba gyara ba ne.
Wanda ke bayan teku ya cancanci gaskiya,
zan rubuta masa. Ba daren nan ba.

Ƙirrr.
Tsahara ce: "Baba, yaya ake kashe saƙo?"

Na ɗumama yatsuna a jikin buta.
"Harafi ɗaya ne, ƴata.
Amma ki karanta lambar sau biyu."