Langa Mai Ɗigo Uku

Ran Lahadi kasuwar Tawa ke ci,
ni kuwa tawa ba ta tashi.
Tana aljihuna, gilashinta a tsage,
tana kuka ko ina tsakar alwala.

Arzika ake ce mini, ɗan Bilbis,
mai sayen abin da ido ya gaji da gani.
Nakan hau babur har Kalfu, har Bambai,
in tsuguna ƙofar ɗakin tsofaffi,
in ce: Inna, me ke ƙarƙashin gado?
Su yi dariya, su jawo mini shekaru.

Zanen saƙi da baba ya kama har ya kusa baƙi,
mundayen azurfa masu nauyin alkawari,
rediyon da wani ya ɗauko daga Abijan
ya iso gida ba ko dala a aljihu,
wando mai faɗin ƙafa, fitilar ƙwai,
faifan garmaho da ɓera ya cinye rigarsa.

Da hantsi nake jera su jikin katangar laka,
nan haske ya fi ladabi.
In ɗauki hoto, in ɗora, in jira.
Ƴan matan Yamai su aiko jajayen zukata,
wanda ba ya saye ya fi kowa ciniki.
Jiya iyaye suka musanya su da roba,
yau jikoki na zuba jika goma su mayar gida.

Sai ga wata langa.
Fara ce, da furen shuɗi, murfinta ya ɗan kwarzane.
Na same ta wajen mai ƙosai tana zuba canji.
Na wanke da toka, na ɗora bayan isha.

Kafin asuba mutum uku sun taya.
Ta huɗu ba ta taya ba, murya ta aiko,
muryar da ta hau matakala ba ta huta ba:
“Ɗana, kifa mini ita in ga gindinta.”

Na kifa.
Ɗigo uku na jan farce, sun dushe,
kamar sawun kaza a daɓen da bai bushe ba.

Shiru ya daɗe a wayar.
Na ga tana rubutu, ta goge, ta sake.
Sannan: “Sunana Tsahara.
Uwata ke yin wannan alama,
don kwanonta kada ya ɓace gidan suna.
Shekarar fari ta kai ta kasuwarku,
ta dawo da hatsi tiya biyu.
Ni na riƙe mata murfin a hanya.”

Ni ba waliyyi ba ne.
Haya na jira, babur na son taya,
wani a Faransa ya ce in faɗi ko nawa ne.
Kuma na sani, mata nawa ne a Adar
suka ɗiga jan farce sau uku a gindin kwano?
Ɗari? Dubu?
Ban tambaye ta ba.

Na fita kasuwa wajen ƴan awo,
na ce: Tiya nawa take yau?
Suka faɗa, na ninka biyu,
na ƙara kuɗin mota, don direba ba ɗan'uwana ba ne.
Shi ke nan farashin.

Na naɗe ta da tsohon kalandar banki,
na kai tasha, na rubuta lamba a kwali.

Kwana biyu sai ga hoto:
langa kan tabarma, cike da fura,
da hannu mai jijiya dafe da murfin.
Ba ta rubuta komai ba.

Na daɗe ina kallo.
Sai wayar ta sake kuka:
“Wandon nan yana nan? Nawa na ƙarshe?”