Ba-ruwanka

Shekara tara ina gadin gareji a Suame,
ni da Ba-ruwanka, baƙi mai farin wuya.
Ni ke da tocila, shi ke da kunne.
Albashi ɗaya ne, kuma ni ke karɓa.

Da damina ta kankama sai ya fara susa,
gashi na zuba kamar tsohon buroshi.
Yaran kanikawa suka ce, shafa masa baƙin mai.
Na shafa. Ya lashe. Ya kwana yana amai.
A daren aka ɗauke batir biyu a ƙarƙashin hancina,
ban ji komai ba, mai jin yana kwance.

Direban tiro-tiro ya ce ba da kare ba.
Mai aboboya ya ce sidi arba'in,
muka zauna a baya kamar buhun gawayi,
kansa a kan takalmina.

Dakta Rahinatu, 'yar Aboabo ce,
na san kakanta, mai sayar da goro.
Ta ɗaga leɓensa ta dubi dasashi,
fari fat, kamar kokon da aka tsinka.
Ta ce, Baba Mumuni, ina jininsa?
Kaska ta sha, tsutsar ciki ta shanye saura.
Baƙin mai na inji ne, wannan ba inji ba ne.

Me yake ci?
Na ce, abin da na ci.
Ta ce, to me ka ci?
Ragowar shinkafa da wake, da yaji, da albasa,
ran sa'a ƙashin kaza daga wurin Maame Serwaa.
Ta ajiye alƙalami.
Albasa tana cin jinin kare a hankali.
Dafaffen ƙashin kaza kuwa tsinke ne, yana huda hanji.
Kuma ko zazzaɓi ya kama shi,
kada ka raba farasitamol ɗinka da shi.

Maganin tsutsa duk wata uku.
Allurar haukan kare duk shekara, ga kati.
Da yamma ka bi bayan kunne da tsakanin yatsu,
can kaska ke yin zango.
In ya ciji yaro, ko da wasa,
sabulu da ruwa mai gudu, a daɗe ana wankewa,
sannan asibiti, ba a jira gobe.

Ta tambayi sunansa don ta rubuta.
Na faɗa. Ta yi dariya har ta riƙe tebur.
Ta ce, sunansa Ba-ruwanka,
amma ruwansa yana wuyanka.
Kwano mai tsabta, a inuwa, kada ya bushe.

Malam Issaka ya gan ni ina masa wanka,
ya ce, da furfurarka?
Na ce, zan wanke hannu yadda aka koya mana,
amma wa zai wanke ni in ya mutu da ƙishi a kan sarƙata?

Mako shida, gashi ya dawo.
Jiya ƙarfe uku na dare ya yi haushi sau biyu,
wani ya fasa hawa katanga.
Katinsa yana aljihuna tare da nawa.
Nasa ma ya fi tsabta.