Gidan da Babu a Rajista

Rajistar Malam Nababa ta girme ni.
Gara ta cinye kusurwar Maris da Afrilu,
ta bar lambobi tsaye kamar kara bayan girbi.
Ni na gaje ta, da makullin kabad,
da kwalbar tawadar da ta bushe tun ba a haife ni ba.

Lamba ɗari biyu da sha bakwai:
ƙwarya ɗaya, fasasshiya, an ɗinke.
An saya sule uku a Kantoga.
Mai ita: ba a sani ba.
Sai sa hannunsa, mai jela kamar ta ƙadangare.

Ran Laraba ruwa ya koro wata tsohuwa zaurenmu,
da kajinta biyu a akurki.
Ta tsaya gaban gilashi, ta daɗe.
Ta ce, "Yaro, wannan ɗinkin Tasalla ne.
Bahaguwa ce, dubi inda zaren ya karkata.
Shekarar da fari ya kar shanu ta sayar,
ta auno mana tsaba rabin tiya.
Mu biyar muka ci."

Na buɗe shafin. Ga gidan lamba,
ga gidan farashi, ga na kwanan wata,
babu gidan yunwa.
Ƙa'ida kuma ta hana goge rubutun na gaba.

Na fiƙe fensir. A gefe, inda gara ta rage,
na rubuta: Tasalla, bahaguwa.
Ruwa ya ɗauke, ta ɗau kajinta ta fita.

Sai da na kwanta na tuna
ita ban tambayi sunanta ba.