Zaƙin da Ba a Lasa

Ƙarfe uku na dare a Oskemen,
kogin Irtish ya daskare har ya manta hanya.
Daga ni sai akwatin gilashi,
hannuwana cikin baƙar safar roba har kafaɗa.
Ciki babu iskar da ɗan Adam zai shaƙa,
sai agon, shiru kamar gidan makoki.

Beriliyam, mai lamba huɗu a jeri,
ɗan ƙarami, ba nauyi, sai taurin kai.
Haɗa shi da siririyar barasa ka ga zumunci:
wannan ya riƙe wancan, wancan ya riƙe na gaba,
sarƙa ba tsayawa,
farin gari mai ƙin narkewa,
ko ka hura masa wuta ba ya tashi.
Amma ba shi barasa mai ƙiba, mai faɗin kafaɗa,
wuri ya yi kaɗan,
su cure su uku.
Uku rak.
Ɗan ɗumi ya ishe su ƙaura,
su kwanta a sanyin gilashi kamar raɓar asuba.

Alkoksayid ke nan sunan zuriyar.
Danshi ɗigo ɗaya
ya warware mini aikin kwana tara ranar Talata,
Rauza ta dubi kwalbar, ta dube ni,
ta ce a sake.

Babana Yerkin ya yi shekara ashirin da shida a masana'anta,
tun ana share ƙurar da tsintsiya.
Shi ya gaya mini mutanen da
sun raɗa wa ƙarfen nan suna mai zaƙi,
don gishirinsa a harshe sukari ne.
Ya yi dariya.
Dariyar ta zama tari,
tarin ya ƙi sauka har shayi ya huce.

Yanzu bene hawa biyu
sai ya huta sau huɗu.
Yana tambayata ko alminiyam na nan da halinsa,
wai su biyun sun fi kama da juna
fiye da 'yan ɗaki ɗaya.

Na ce yana nan, Baba.

Na zare hannu daga safa, yatsu duk yaushi,
na duba ma'aunin iska sau biyu,
na rubuta nauyi: giram ɗaya da ɗigo biyu.
Fari tas.
A waje motar share ƙanƙara ta wuce.