Bado a Ƙirjin Mahauci

Ƙarfe biyun dare, Sakkwato ta yi tsit,
janareta kaɗai ke tari a bayan ɗakin hoto.
Daga ni sai shayin da ya huce
da ƙirjin wani bawan Allah a jikin allo,
haƙarƙari jere kamar azarar soro,
can gefen dama kuma, ga inuwa.

Takarda ta ce: Tambari Dange, arba'in da bakwai,
mahaucin raƙuma.
Wata shida yana haɗiyar maganin tarin fuka,
sau uku an gwada kakinsa, ba a ga ƙwaya ba,
shi kuwa sai ƙara ramewa.

Dakta Lukmanu ya rubuta da jan biro: daji.
Gobe da hantsi a soka allura, a ɗebo tsoka.
Shekara ashirin ya ba ni a wannan duhun,
shi ya koya mini ƙashi fari ne, iska baƙa,
tokar da ke tsakani ita ke hana mu runtsawa.

Amma ni ban san daji da ladabi haka ba.
Daji farata gare shi, yana yagar maƙwabci.
Wannan bakinsa sumul, sai ka ce an kife ƙwarya an zana.
Na buɗe hoton sikan, yanka bayan yanka,
yadda shi Tambarin ke bi da tozo,
na dinga sauka kamar mai yasar rijiya.
A yanka na talatin da ɗaya na iske ruwa.

Ruwa kwance, iska bisa,
wani siririn abu ya naɗe yana iyo a kai.
Na san shi.
Ba a littafi na fara ganinsa ba:
tafkin Kware, ina 'yar shekara tara,
Inna Dudu ta ɗage zane zuwa gwiwa tana cirar bado,
ganyen ya kwanta lamo, gefensa na tattarewa.

Na bar kujera na nufi ɗakin maza.
Idonsa biyu, ya jingina da bango.
Na ce, Baba, kana da karnuka?
Ya yi dariyar da ta ƙare da tari.
“Likita, mi yah haɗa kare da ƙirji?
Huɗu gare ni. Su ka cin huhun da munka yas,
wanga mai ƙululun ruwa.”

Na ce, ka taɓa tofar da abin da ya ba ka tsoro?
Ya daɗe yana duban tafinsa.
“Daren Salla. Ruwa mai gishiri,
da wani abu awa ɓawon albasa.
Ba wanda yat tambaye ni,
ni ko ban ga abin faɗi ba ga kowa.”

Na koma, biro ya yi nauyi.
Hoto ba ya rantsuwa.
Inuwa ta taɓa yi mini ƙarya, har yau ina tuna sunan matar.
Duk da haka na rubuta:
A dakata da allura.
Jakar tsutsar kare nake zato, ta riga ta tsage,
a huda ta, sauran su fantsama.
A gwada jini. A duba hanta. A kira masu tiyata.
Na sa hannu, hannun na rawa.

Bayan asuba Dakta Lukmanu ya shigo,
bai zauna ba, bai gaishe ni ba.
Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
“Wane yanka?”
Talatin da ɗaya.
Ya duƙa har numfashinsa ya dusashe gilashin,
sannan ya rufe jan biron, ya jefa aljihu.
“Zahra'u, sake ɗora shayi.
Ga cikin wani yaro daga Wamakko,
tun jiya ya ƙi karantuwa.”