Fangali Takwas

Baba, jiya kan tabarma ka tambaye ni
me nake yi tun safe a ɗakin nan mai sanyi.
Na ce aiki. Ka ce aikin me?
Na sa loma a baki don kada in amsa.
To ga amsar, ko da ta kwana.

Gilashi ne, tsawonsa kamar babban yatsanka da ɗan ƙari,
an kafa masa katangun roba a bisa,
ɗaki takwas, huɗu na kallon huɗu,
murfi ɗaya ya rufe su duka.
Ran da na fara ɓare shi daga leda
fangalinka na bakin kanal a Auyo na gani,
an wanke masa laka, an rage shi ya shiga tafin hannu.

Ni ma shuka nake yi.
Irina ba a auna shi da tiya,
ƙwayoyin rai ne da ido bai san da zamansu ba.
Da bakin siririn bututu nake ɗiga su
cikin ruwa mai launin zoɓon da aka sirka.
Ba na magana a kansu, ba na tari.
A gonar nan numfashina ma ciyawa ne.

Sai in kai su akwatin ɗumi,
zafinsa daidai da jikin mai lafiya,
ba ƙari, ba ragi.

Daren Laraba da ka ji ƙarar ƙyaure,
ni ce.
Haladu mai gadi ya bugo, batirin sola ya gaza.
Na hau bayan babur ɗin Ilu da zanin barci ƙarƙashin hijabi,
muka ja igiyar janareta sau tara kafin ya yi tari ya tashi.
Sai zumuɗi ya ci ni.
Na ɗaga murfin da hasken waya, hannu tsirara,
don kawai in ga ko suna nan.
Kai da kanka ka sha faɗa min
ba a tone iri don a duba ko ya tsira.

Ran Juma'a ɗaki na shida ya juya,
ya yi rawaya, ya yi gurɓi kamar ruwan tsamiya.
Na rubuta a littafi: laifina.
Dokta Zulai ta karanta, ba ta ce komai ba,
ta miƙo min alƙalamina.

Amma sauran bakwai, Baba!
Na sunkuya kan madubin, na murɗa a hankali,
hazo ya janye,
ga su sun kama ƙasa, sun miƙe ƙafa,
suna yaɗo kamar kabewa a bayan danga.
Ɗaya ta tsuke a tsakiya kamar kwanson gyaɗa,
ina kallo, shayina ya huce,
ta zama biyu.
Ban san lokacin da na yi salati ba.

Girbin ne ba irin naka ba.
Kafin a ƙirga su sai na zuba ruwan da ke tsai da su cak,
kowacce a inda take, wata a tsakiyar rabuwa.
In rina su da shuɗi,
in ɓalle katangun,
gilashi ya saura shi kaɗai da tabo takwas.
Daga nan ake sanin wane ma'aunin magani suka jure,
wanne ya fi ƙarfinsu.
Wannan sashen har yau da nauyin hannu nake yin sa.

Yau na zo maka da guda, sabo,
wanda wa'adinsa ya wuce, aka ce a zubar.
Ka ɗora shi a tafinka mai kanta,
ka ƙirga ɗakunan da farce,
ka ɗaga shi saitin fitila, ka juya,
ka daɗe.
Sannan ka ce, Tabawa,
to ta ina ruwa ke shiga?