Hoton da Nuratu ta Aiko

Jiya da la'asar Nuratu ta turo hoto ta waya,
tana tsaye a dandalin garin da take karatu.
Biratisilaba, in ji ta.
Sai da na maimaita sau uku kafin harshena ya yarda.

An shimfiɗe ƙasan da ƙananan duwatsu
a jere, kamar haƙoran masara.
Ga wani famfo yana feshin ruwa sama a banza,
ba jarka, ba layi, ba wanda ya tara bokiti.
Ga hasumiya da agogo a goshinta.

Agogon na fara dubawa, sana'a ba ta sakin ido.
Na buɗa hoton da yatsu biyu:
huɗu saura kwata.
Na juya wuyan hannuna. Huɗu saura kwata.
Ashe in sanyi ya kama, lokacinmu ɗaya da su.

Ta ce, Baba, wurin nan ya girmi kakan kakanka
kuma kullum a share yake.
Na ce to.

Shekarata talatin da ɗaya a Taminus
da teburin gilashi da tabarau mai ido ɗaya.
A bayana kwarangwal ɗin babbar kasuwa,
tun daren da wuta ta lashe rumfata
da agoguna arba'in na mutane.
Har yau akwai wani tsohon ɗan kuza
da ke zuwa tambayar nasa.

Namu dandalin ba wanda ya zana shi,
tafin ƙafa ne ya yi shi.
Ngo Cundung ta baza buhu
ta tula dankalin Bokkos da kabeji mai raɓa,
Obinna na ɗaga rigunan sanyi na gwanjo
yana rantsuwa da Hausar da ta fi ta wasu,
'yan keke na faɗa da bakin hon.
An sha watsewa a nan da gudu,
silifas a warwatse har bakin titi.
Kwana uku a dawo,
kowa ya san inda ya bar inuwarsa.
A irin wannan gudun Ngo ta ja teburina
ta lulluɓe shi da buhunan dankali.
Ba mu taɓa yin zancen ba.

Na sake duba hoton da dare.
Tattabaru sun fi goma a gefenta,
mutum kuwa ba ko ɗaya da ya juyo.
Hannuwanta duka biyu a aljihu.

Da safe na ba yaron mai shayi wayar
na ce ya ɗauke ni in rama.
Baro ya gifta, rabin fuskata ya tafi,
gwiwar hannun Ngo ta shigo ba a gayyace ta ba.
Na tura haka.

Ba a jima ba ta amsa:
Baba, matsa kaɗan.
Ka tare mini mai masa.